Kuɗin Waje a Yaƙin Neman Zaɓe: Darasin Shari'ar Sarkozy da Gaddafi

Sharhinmu na yau ya shafi kuɗi da zaɓe, musamman kuɗin da ke tsallako iyaka daga wata ƙasa su faɗa hannun ɗan takara ko jam'iyyarsa. Shin doka ta yarda da su? In ba ta yarda ba, mene ne dalili? Wa ake cuta idan aka karɓe su a ɓoye? Za mu bi waɗannan tambayoyi ta cikin wata shari'a da aka yi a birnin Paris, wadda ta kai tsohon shugaban ƙasar Faransa gidan yari, daga nan kuma mu duba abin da dokokinmu na gida suka ce.

Ranar 25 ga watan Satumba na 2025, wata kotu a Paris ta yanke wa Nicolas Sarkozy, wanda ya shugabanci Faransa daga 2007 zuwa 2012, hukuncin ɗaurin shekara 5 da tarar yuro dubu 100. Laifin da aka kama shi da shi shi ne haɗa baki don shirya aikata laifi. Kotun ta ce tsakanin 2005 da 2007, lokacin yana ministan harkokin cikin gida, yana kuma shirin tsayawa takara, ya ƙyale mutanensa na kusa sun tuntuɓi gwamnatin Kanar Mu'ammar Gaddafi ta Libiya don neman kuɗin kamfe. Ranar 21 ga Oktoba aka kai shi gidan yarin La Santé. Ranar 10 ga Nuwamba aka sake shi bisa sharuɗɗa saboda ƙarar da ya ɗaukaka. Tun kafuwar jamhuriyar Faransa ta yanzu a 1958, shi ne tsohon shugaba na farko da ya kwana a kurkuku.

Adalci ya wajabta mu faɗi ɗaya ɓangaren. Sarkozy ya musanta zargin tun ranar farko, kuma bai sauya magana ba. Kotun ma ta wanke shi daga tuhuma uku, ciki har da ta cin hanci da ta shigar da haramtattun kuɗi cikin yaƙin neman zaɓe. Alƙalan sun ce akwai alamun kuɗi sun fita daga Libiya, amma ba a iya tabbatar da cewa sun isa asusun kamfe ɗinsa ba. To, me ya sa aka ɗaure shi? Saboda a dokar Faransa, zaman ƙulla irin wannan ciniki laifi ne mai zaman kansa, ko kuɗi sun zo, ko ba su zo ba. Wannan shi ne darasi na farko da nake so mu riƙe. Ƙasar da ta ɗauki zaɓenta da muhimmanci ba ta jiran sai ta kama akwatin kuɗi a hannun mutum. Miƙa hannu ga baƙuwar gwamnati kaɗai ya isa a tsayar da shi gaban alƙali.

Dokar zaɓen Faransa ta hana ɗan takara karɓar kowane irin taimako daga gwamnatin wata ƙasa ko kamfanin waje, kai tsaye ko ta bayan fage. Tun 1995 aka hana kamfanoni, har na cikin gida, ba 'yan takara gudummawa. Mutum ɗaya ba zai ba da fiye da yuro 4,600 ba a zaɓe guda. A 2017 aka ƙara ɗaure igiyar, aka ce sai ɗan ƙasa ko mazaunin Faransa ne kaɗai zai bayar. A zaɓen 2007, iyakar abin da ɗan takarar da ya kai zagaye na biyu zai kashe bai wuce yuro miliyan 21 da rabi da 'yan kai ba. Ku auna wannan da adadin da kafar labarai ta Mediapart ta wallafa a Afrilun 2012, inda ta fito da wata takarda da aka ce daga hukumar leƙen asirin Libiya take, tana maganar yuro miliyan 50. Kotun ta nuna shakka kan sahihancin takardar, amma ita ce ta sa maganar ta ƙi mutuwa har aka buɗe bincike a 2013, binciken da ya ci fiye da shekara 10 kafin a shiga kotu a Janairun 2025.

Mai sauraro zai iya tambaya, me Gaddafi zai samu in ya ba ɗan siyasar Faransa kuɗi? A nan ne labarin ya shigo yankinmu. Ranar 19 ga Satumba na 1989, jirgin saman kamfanin UTA ya tashi daga Brazzaville, ya yada zango a Njamena, ya kama hanyar Paris. Bai isa ba. Bam ya tarwatsa shi a sararin samaniyar hamadar Tenere a Jamhuriyar Nijar. Mutum 170 suka mutu, babu wanda ya tsira. Akwai Faransawa 54 a cikinsu, akwai 'yan Kwango da 'yan Chadi da mutanen wasu ƙasashe da dama. A 1999 wata kotu a Paris ta yanke wa 'yan Libiya 6 ɗaurin rai da rai a bayan idonsu kan wannan hari. Babba a cikinsu shi ne Abdallah Sanusi, surukin Gaddafi kuma jigon leƙen asirinsa.

Wannan Sanusin ne mutanen Sarkozy biyu, Claude Guéant da Brice Hortefeux, suka gana da shi a Tripoli a ƙarshen 2005, ba tare da rakiyar jami'an ofishin jakadancin Faransa ba. Masu gabatar da ƙara sun ce abin da Libiya ta nema a madadin kuɗinta ya haɗa da a taimaka mata ta fita daga saniyar waren da duniya ta mayar da ita, a kuma duba yadda za a sassauta wa Sanusi matsalarsa ta shari'a. Guéant ya samu ɗaurin shekara 6, Hortefeux shekara 2. Iyalan waɗanda suka mutu a Tenere sun shiga shari'ar, sun tsaya gaban kotu sun bayyana baƙin cikinsu na jin cewa manyan jami'an ƙasarsu sun zauna da mutumin da kotun ƙasarsu ta ce shi ya kashe musu iyaye da 'ya'ya.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wannan karin maganar ita ce tushen duk dokar da ta hana kuɗin waje a zaɓe. Gwamnati ba ta ba da miliyoyi don Allah. Bashi ne, kuma ranar biya tana zuwa ne bayan an rantsar da mutum, lokacin da hatimin ƙasa ke hannunsa. Da me zai biya? Da kwangila, da ƙuri'ar ƙasarsa a Majalisar Ɗinkin Duniya, da rufe ido kan wani laifi, da haƙƙin mutanen da suke jiran adalci. Mai jefa ƙuri'a ya bi layi cikin rana yana ganin shi ne ya ɗora shugaba, alhali akwai wani ubangida a wata ƙasa wanda ba ya biyan haraji a nan, dokar nan ba ta hawa kansa, kuma ba zai ɗanɗana wahalar mummunan mulki ba in ta zo.

Akwai cuta ta biyu da ba a cika ambata ba, wato ta talakan ƙasar da kuɗin suka fito. Duk abin da ya fita daga Tripoli ta irin wannan hanya, dukiyar man fetur ce ta mutanen Libiya, wadda ba a shawarce su ba kafin a fitar da ita. Haka nan a 2011 wani lauya mai suna Robert Bourgi ya fito ya ce ya sha ɗaukar jakunkunan kuɗi daga wasu shugabannin Afirka zuwa ga manyan 'yan siyasar Faransa biyu, Jacques Chirac da Dominique de Villepin. Su biyun sun musanta, kuma ba a hukunta kowa kan zargin ba. Amma duk ɗan Afirka da ya ji labarin ya san abin da ya fara zuwa masa a rai: in har gaskiya ne, kuɗin asibiti da makaranta ne na wasu ƙasashe matalauta aka kai wa masu arziki don a sayi kariya.

Cuta ta uku ita ce zubewar amana. A Disambar 2007 Gaddafi ya kai ziyara Paris, aka karɓe shi da girmamawa, har ya kafa tantinsa kusa da fadar shugaban ƙasa ta Élysée. Shekara uku da 'yan watanni bayan haka, a Maris na 2011, jiragen yaƙin Faransa ne suka fara luguden wuta a Libiya bayan ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 1973. A cikin wannan watan ne Saiful Islam, ɗan Gaddafi, ya fito a gidan talabijin na Euronews yana cewa Sarkozy ya mayar musu da kuɗinsu. An kashe Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoba. Rumbunan makamansa suka fashe, bindigogi suka bazu cikin Sahel, arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye da masu ɗauke da makamai a 2012, kuma har yau Nijar da Burkina Faso da arewacin Najeriya suna cikin wannan hayaƙi. Akwai masu cewa an yi yaƙin ne don binne sirri. Babu kotun da ta tabbatar da haka, ni ma ba zan tabbatar ba. Abin da nake cewa shi ne, da zarar zargin kuɗin waje ya hau kan shugaba, duk shawarar da ya yanke sai an yi mata kallon tuhuma, ta sulhu ce ko ta yaƙi. Ƙasa ba ta iya tafiya daidai in mutanenta ba su san don wa shugabansu yake aiki ba.

Ba Faransa kaɗai ba ce. A Amurka, dokar tarayya ta haramta wa baƙo ba da gudummawa a kowane irin zaɓe, na tarayya ko na jiha ko na ƙaramar hukuma, ta kuma haramta nema ko karɓa daga gare shi. An keɓe wanda yake da takardar zama ta dindindin. An ƙara tsananta dokar a 2002, bayan badaƙalar zaɓen 1996, lokacin da jam'iyyar Democrat ta mayar da miliyoyin daloli na gudummawar da aka yi shakkar asalinta. Duk da haka ba a daina gwadawa ba. A Afrilun 2023 aka samu mawaƙi Pras Michel da laifuffuka da suka haɗa da shigar da kuɗin wani attajirin Malesiya, Jho Low, cikin yaƙin neman zaɓen Barack Obama na 2012. Dabarar ita ce a rarraba kuɗin ga wasu Amurkawa su ba da su da sunansu. Ba a ce Obama ya san da zancen ba. Shi kuwa Jho Low, shi ne ake zargi da wawure dukiyar asusun gwamnatin Malesiya na 1MDB. Kun ga hanyar ɗaya ce: kuɗin jama'ar wata ƙasa, ɗan aike a tsakiya, sunan aro a kan takarda.

Yanzu mu dawo gida. Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992, a sashe na 55, ya ce ɗan ƙasar Ghana ne kaɗai zai ba jam'iyya gudummawa. Wato abin dubawa shi ne wane ne mai bayarwa. Kundin Najeriya na 1999 ya bi wata hanya dabam. Sashe na 225 ya hana jam'iyya mallakar kuɗi ko kadara a wajen Najeriya, ya kuma hana ta riƙe duk wani kuɗin da aka aiko mata daga waje. In an aiko, tilas ta miƙa su ga hukumar zaɓe ta INEC cikin kwana 21. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ce jam'iyyar da ta saɓa za ta rasa kuɗin, ga kuma tarar da ta kai naira miliyan 5. Dokar ta kuma ƙayyade cewa ɗan takarar shugaban ƙasa kada ya kashe fiye da naira biliyan 5, na gwamna biliyan 1, kuma kada mutum ɗaya ya ba ɗan takara fiye da naira miliyan 50.

A takarda abin ya yi kyau. Amma akwai giɓi biyu manya. Na farko, sashe na 225 jam'iyya ya ambata, bai ambaci ɗan takara ba. Wannan ya jawo muhawara mai zafi a 2022, lokacin da magoya bayan Peter Obi na jam'iyyar Labour mazauna ƙasashen waje suka yi shelar tara masa kuɗi. Wasu lauyoyi suka ce haramun ne a doka, wasu suka ce dokar ba ta shafi ɗan takara ko ƙungiyar magoya baya ba. Dokar da manyan lauyoyi za su karanta su fito da fassara biyu masu karo da juna tana buƙatar gyara, ko wace jam'iyya mutum yake goyon baya.

Giɓi na biyu shi ne dokar tana kallon inda kuɗi suka taso, ba ta kallon mai su. A wurinta, likita ɗan Kano da ke aiki a Ingila, da tela 'yar Zariya da ke Jidda, da ɗan kasuwa ɗan Sakkwato da ke Kumasi, duk matsayinsu ɗaya da gwamnatin wata ƙasa ko kamfanin haƙar mai na waje. Wannan bai dace ba. 'Yan Najeriya mazauna waje suna aiko kuɗi gida da suka kai kusan dala biliyan 20 a shekara. Su ke biyan kuɗin makarantar ƙanne, su ke sayen maganin iyaye. Ba su da damar jefa ƙuri'a daga inda suke. A ce kuma ba su da ikon tallafa wa jam'iyyar da suke ganin za ta gyara ƙasarsu, an hana su abu biyu ke nan. A ɗaya gefen kuma, baƙon da ke da kamfani mai rajista a Legas ko Abuja zai iya turo kuɗi daga asusun cikin gida, ko ya ba wani ya miƙa da sunansa, ba tare da kuɗin sun tsallako iyaka a idon doka ba. An tsare ƙofar da ɗan gida zai bi, an bar wadda baƙo zai bi a buɗe.

Akwai masu wata hujja da ya kamata mu saurara da kyau. Suna cewa a ƙasashenmu jam'iyya mai mulki tana ɗibar kuɗin kamfe daga baitulmali, ɗan adawa kuwa ba shi da inda zai nufa, don haka hana kuɗin waje taimakon mai mulki ne kawai. Suna kuma tuna mana cewa gwamnatoci da dama sun fake da irin wannan doka sun rufe bakin 'yan jarida da ƙungiyoyin farar hula. Akwai gaskiya a cikin wannan magana. Amma maganin satar baitulmali shi ne a kama ɓarawon a hukunta shi. Ɗan adawar da ya hau mulki da kuɗin wata gwamnati bai 'yantar da kowa ba, ya dai sauya wa jama'a ubangida. Kuma wajibi ne doka ta bambanta tsakanin kuɗin da ake ba ɗan takara don ya ci zaɓe, da tallafin da ake bayarwa a fili don horar da masu sa ido ko wayar da kan masu zaɓe ba tare da goyon bayan kowa ba.

Me ya kamata a yi? Na ɗaya, a rubuta ƙarara cewa haramcin ya hau kan jam'iyya da ɗan takara da duk wata ƙungiyar da ke masa kamfe, kuma neman kuɗin baƙuwar gwamnati ko kamfanin waje laifi ne ko da ba a karɓa ba. Na biyu, a buɗe wa ɗan ƙasa mazaunin waje hanya ta banki, da sunansa da lambar shaidarsa ta ɗan ƙasa, da iyakar abin da zai bayar daidai da na gida. Na uku, a tilasta wa kowane ɗan takara wallafa sunayen manyan masu ba shi gudummawa kafin ranar zaɓe, domin bayanin da ya fito bayan an rantsar da mutum ba ya amfanar mai ƙuri'a. Na huɗu, a rage tsadar siyasar kanta. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP ta sayar da nata miliyan 40. Ga rumfunan zaɓe fiye da dubu 176 da kowace jam'iyya ke son ta ajiye wakili a cikinsu ta biya shi. Duk inda takara ta yi wannan tsada, ɗan takara zai karɓi kuɗi daga duk wanda ya miƙo, ba zai tsaya tambayar asali ba.

Na biyar, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne masu aiwatarwa. Abin da ya kai shari'ar Sarkozy ga hukunci shi ne 'yan jarida da suka ƙi sakin magana, da alƙalan bincike da suka bi sawun kuɗi daga banki zuwa banki shekara da shekaru, da kotun da ba ta ji tsoron girman wanda ke gabanta ba. INEC tana fama da shirya zaɓe a ƙasa mai jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Bin diddigin asusun jam'iyyu da gurfanar da masu laifi aiki ne da ke buƙatar hukuma ta musamman mai cin gashin kanta, da ƙwararrun masu binciken kuɗi, da haɗin kan bankuna da hukumar EFCC. An daɗe ana kiran a kafa hukumar hukunta laifuffukan zaɓe. Lokaci ya yi da Majalisar Tarayya za ta kammala wannan aiki.

Mu ma masu zaɓe akwai namu. Idan ɗan takara ya zo gari da jerin motoci da jirgin haya da buhunan shinkafa, mu tambaye shi a gidan rediyo, a dandalin taro, a zauren mai unguwa: ranka ya daɗe, wa ya biya? Nawa ya bayar? Me ka yi masa alkawari? Wanda kuɗinsa halal ne zai amsa ba tare da ɓacin rai ba. Wanda ya ƙi amsawa kuwa, mu hana shi ƙuri'armu, domin ba mu san wanda zai yi wa aiki ba in ya hau.

Allah Ya ba ƙasashenmu shugabanni masu riƙon amana, Ya ba mu zaman lafiya.